Samurai Mai Takobi Biyu da Bashi Har Wuya: Finafinan Barkwancin Japan

Tambaya: Malam, duk fim ɗin samurai da na taɓa kallo fuska a murtuke take, daga sara sai jini, sai mutum ya farke cikinsa don kare mutunci. Abokina ya ce wai akwai na barkwanci, har da waɗanda suka ci kyauta. Da gaske ne? Japanawa ba sa ɗaukar haka a matsayin raini ga kakanninsu? Kuma da wanne ya kamata mutum ya fara?

Amsa: Abokinka gaskiya ya faɗa maka, ɗan'uwa. Finafinan suna nan da yawa, kuma sun daɗe, don tun shekarun 1930 ake yin su. A nawa ganin ma, wanda yake son sanin yadda samurai ya yi rayuwarsa ta yau da kullum zai fi ƙaruwa da na barkwancin fiye da na sara da suka. Sai dai kafin dariyar ta kama ka, dole ka san halin da samurai ya samu kansa a ciki, domin daga nan aka ɗebo kusan duk abin dariyar.

Mafi yawan waɗannan finafinai, waɗanda Japanawa ke kira jidaigeki, labarinsu yana faruwa ne a zamanin Edo, daga 1603 lokacin da Tokugawa Ieyasu ya zama shogun, wato shugaban mulkin soja, zuwa 1868 da mulkin gidansa ya faɗi. Bayan yaƙin Osaka na 1615 da tawayen Shimabara da aka murƙushe a 1638, ƙasar ta shafe fiye da shekara 200 babu wani babban yaƙi. To ga mutane an haife su mayaƙa, doka ta ware musu ɗaura takobi biyu a ƙugu, ɗa yana gadon ubansa, amma babu inda za a gwabza. Sai suka koma akawu, ma'aji, mai gadin ƙofa, mai kula da rumbun shinkafa, mai lura da kicin ɗin fada. Da yawa sun tsufa sun mutu ba su taɓa zare takobi a kan mutum ba.

Albashinsu da shinkafa ake ƙiyasta shi, da wani ma'auni da ake kira koku, kimanin kilo 150, abin da ake ganin zai ci da mutum ɗaya shekara guda. Albashin nan gado ne, ba ya cika motsawa, alhali kayan masarufi kullum tashi suke. In baitulmalin ubangidansa ya bushe, sai a zaftare masa wani kaso a ce aro aka yi. Shi kuma ba shi da damar rage hidima, dole ya riƙe bara, ya yi suturar da ta dace da matsayinsa, ya kai gudummawar biki da ta mutuwa. Ƙarshenta sai bashi, kuma wurin wa? Wurin 'yan kasuwa, waɗanda a tsarin darajar lokacin su ne a can ƙasa. Ƙananan samurai da yawa sun koma haɗa laimar takarda a cikin gida suna sayarwa a kaikaice. Japanawa suna da karin maganar da ke cewa samurai ko bai ci abinci ba sai ya fito yana sakace. Ka ɗauke shi kamar ɗan gidan sarautar da rawani ya rage masa amma rumbu ya ƙare, ga maroƙa a ƙofar gida suna jiran ya fitar da kansa kunya. Wannan tazara tsakanin girman suna da ƙarancin abin hannu ita ce gonar da masu barkwancin suke nomawa.

Game da batun raini kuwa, Japanawa sun riga sinima fara yi wa manyansu dariya. Tun ƙarni na 14 akwai wasan daɓe mai suna kyogen, gajerun wasannin ban dariya da ake sakawa tsakanin wasannin noh masu nauyi, kuma a cikinsu bara mai wayo da ake kira Taro Kaja kullum yana wasa da hankalin ubangidansa mai cika baki. Ga rakugo, inda mutum ɗaya zai durƙusa a kan matashi da mafici a hannu yana ba da labari yana kwaikwayon muryoyi, kuma samurai mai hura hanci yana cikin waɗanda ake yawan tsokana. Talakawan birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, suna sauraron waɗannan labarai a lokacin da samurai ke da iko a kansu. Da fim ya zo, abin da ya tarar a ƙasa ya ɗauka.

Fim ɗin da nake sa wa a gaba a wannan fanni shi ne Tange Sazen Yowa: Hyakuman Ryo no Tsubo, na darakta Sadao Yamanaka, wanda kamfanin Nikkatsu ya fitar a 1935. Labarin wani tsohon tulu ne da darajarsa ta kai ryo miliyan ɗaya, ryo kuwa shi ne kuɗin zinariya na zamanin Edo. Tange Sazen jarumi ne da jama'a suka riga suka sani a littattafai da finafinan baya, mai ido ɗaya da hannu ɗaya, mugun mai sara da ake tsoro, kuma Denjiro Okochi, wanda ya saba fitowa a matsayinsa, shi ne dai ya sake fitowa. Sai Yamanaka ya mai da shi ɗan zaman kashe wando a wani shagon wasan harbin kibiya, yana kwance yini guda suna cacar baki da matar da ke da shagon. Shi kuwa tulun, wani babban gida ne ya ba ƙaramin ɗansa a matsayin kyautar aure ba tare da sanin cewa yana ɗauke da sirrin inda aka ɓoye dukiya ba. Matar ƙaramin ɗan ta ga munin tulun ta sayar wa masu sayen tarkace, su kuma suka ba wani yaro ya zuba 'yan kifayensa na ado. Aka kashe uban yaron, riƙonsa ya faɗo hannun Sazen da matar nan.

Akwai wata dabara da Yamanaka ya yi ta maimaitawa wadda har yau ba ta tsufa ba. Matar za ta rantse ba za ta ciyar da wannan ƙazamin yaro ba, hoto na gaba sai ga ta tana zuba masa abinci. Sazen zai ce shi ba zai raka yaro ko'ina ba, sai ga shi a guje yana bin bayansa kada wani abu ya same shi. Shi kuma ƙaramin ɗan nan, da aka tashe shi neman tulun, sai ya gane ya samu hujjar fita daga gida kullum, yana gaya wa matarsa cewa Edo gari ne mai faɗi, neman zai iya cin shekara goma ko ashirin, kamar neman wanda za a ɗauki fansa a kansa. Ka lura da abin da aka yi a nan. Ɗaukar fansa, wadda ita ce ƙololuwar mutuncin samurai a sauran finafinai, ta zama uzurin mijin da ke gudun gida. An yi wannan ne a shekarun da sojoji ke ƙara kankane mulkin Japan suna cusa wa yara cewa mutuwa don sarki ita ce ɗaukaka. An ɗauki Yamanaka aikin soja a 1937, ya rasu a Chaina a 1938 sanadin ciwon ciki yana da shekara 28, kuma cikin finafinai fiye da 20 da ya yi, uku kacal suka tsira cikakku. Duk lokacin da na tuna wannan sai na ji takaicin abin da yaƙi ya cinye.

Ba shi kaɗai ba ne a zamanin. Mansaku Itami ya yi Kokushi Muso a 1932, inda wani ɗan sojan gona da ke amfani da sunan wani shahararren gwanin takobi ya haɗu da mai sunan na ainihi, kuma ya doke shi. A Akanishi Kakita na 1936, jarumin ɗan leƙen asiri ne mummuna da ke neman dalilin barin gidan da yake yi wa leƙe ba tare da an zarge shi ba. Sai ya rubuta wa kyakkyawar baiwar gidan wasiƙar soyayya, da nufin ta ƙi shi ya ce kunya ta kore shi. Yarinya ta amsa ta ce tana so. Masahiro Makino kuma a 1939 ya yi Oshidori Utagassen, fim ɗin waƙa da kiɗan jaz, inda Takashi Shimura ya fito a samurai mara ubangida mai haɗa laima, wanda duk abin da ya samu sai ya ƙarar a sayen kayan tarihi na jabu.

Bayan an ci Japan da yaƙi a 1945, hukumomin mamayar Amurka sun takura wa finafinan da ke ɗaukaka fansa da biyayya ga sarakuna har zuwa 1952. Da aka saki mara, finafinan takobi suka dawo da ƙarfinsu, barkwanci ya biyo su. Akira Kurosawa, wanda mutane ke ɗauka mai tsanani ne kawai, gwanin ban dariya ne. A Shichinin no Samurai na 1954, wato Samurai Bakwai, Toshiro Mifune ya fito a Kikuchiyo, ɗan manomi mai jan wani zabgegen takobi, yana nuna takardar asalin da ya sato don a yarda shi samurai ne, aka duba aka ga mai sunan shekararsa 13. A fim ɗinsa na 1958, Kakushi Toride no San Akunin, labarin janar da gimbiya an ba da shi ne ta idon wasu manoma biyu matsorata masu kwaɗayin zinariya, kuma George Lucas da bakinsa ya ce daga wurinsu ya samo tunanin mutum-mutumin nan biyu na Star Wars.

Amma wanda ya fi shiga batunmu shi ne Tsubaki Sanjuro na 1962. Matasan samurai tara, masu tsabtar tufa da zafin kai, sun ƙudiri aniyar tona asirin cin hanci a masarautarsu, kuma duk shawarar da suka yanke kuskure ce. Sun amince da mugu don yana da kwarjini, sun zargi mutumin kirki don fuskarsa ba ta da fasali. Mai cetonsu wani samurai ne mara ubangida, Mifune, mai datti, yana soshe-soshe yana hamma yana neman kuɗin abinci. Suna biye da shi a layi duk inda ya juya. Sai ga wata dattijuwa, matar babban jami'in da aka sace, ana tsakiyar gudun ceton rai tana magana a hankali tana yi masa faɗa cewa yawan kisa ba hali ne mai kyau ba, takobin kirki a cikin kube yake zama. Akwai kuma fursunan da suka kulle a ɗakin ajiya, wanda ke fitowa ya ba su shawara mai ma'ana sannan ya koma da kansa ya rufe ƙofa. Kana cikin wannan nishaɗi sai Kurosawa ya rufe fim ɗin da karon Mifune da Tatsuya Nakadai, tsayuwa mai tsawo babu motsi, sara ɗaya, jini ya yi tsartuwa. Matasan suka fara yabo, ya daka musu tsawa. Ina ganin nan ne aka fi nuna amfanin dariyar, domin ita ta sa ka saki jiki har kisan ya zo maka da muninsa na gaskiya.

In kana son ganin samurai ta idon talaka, akwai Bakumatsu Taiyoden na Yuzo Kawashima, 1957, wanda aka gina a kan labaran rakugo. Frankie Sakai ya fito a Saheiji, wani ɗan duniya da ya ci ya sha a gidan magajiya a Shinagawa ba shi da ko sisi, aka riƙe shi ya biya da aiki, kafin a ankara ya zama shi ke juya gidan. A wani ɗaki na gidan kuma ga matasan samurai 'yan kishin ƙasa ƙarƙashin Takasugi Shinsaku, mutumin da ya rayu da gaske, suna shirin ƙona ofishin jakadancin Birtaniya da ake ginawa, su ma bashin gidan ya yi musu katutu. Masana fim a Japan suna sa shi cikin mafi kyawun finafinan ƙasar gaba ɗaya. Sai dai saboda inda labarin ke faruwa, ba na zama da yara ba ne.

Daga 2010 zuwa yau wani sabon reshe ya fito, wanda zan kira barkwancin lissafi, kuma daga binciken masana tarihi ya tsiro. Wani masani, Michifumi Isoda, ya samu littattafan kashe kuɗin gidan Inoyama, akawun masarautar Kaga, na shekaru fiye da 30 tun daga 1842, ya wallafa littafi a kansu a 2003. Bashin gidan ya kai kusan ninki biyu na abin da suke samu a shekara. Yoshimitsu Morita ya mai da shi fim a 2010 da sunan Bushi no Kakeibo, inda makamin jarumin shi ne soroban, allon lissafi mai 'yan ƙwallaye. A wajen wani bikin ɗansa, al'ada ta ce a ajiye wa kowane baƙo kifin tai mai tsada, shi kuwa ba hali, sai aka zana hoton kifin a takarda aka ajiye a gaban kowa. Za ka yi dariya, amma duk magidancin da ya taɓa neman rufin asiri ranar suna zai ji abin a ƙirjinsa.

Wanda ya fi saurin shiga rai a wannan reshe shi ne Chokosoku! Sankin Kotai na Katsuhide Motoki, 2014. Sankin kotai doka ce da aka tabbatar a 1635, wadda ta wajabta wa sarakunan larduna, daimyo, su riƙa zaman shekara guda a Edo shekara guda a ƙasarsu, matansu da magadansu kuma suna Edo dindindin a matsayin garkuwa. Kowace tafiya da ayari ake yin ta gwargwadon darajar sarki, manya irin Kaga suna tafiya da dubban mutane, kuma kuɗin da ake ƙonawa ya hana kowa tara abin tawaye. Fim ɗin ya ɗauki ƙaramar masarautar Yunagaya mai koku 15,000, a yankin Fukushima na yanzu, a shekarar 1735. Sarkin ya dawo gida ke nan, asusu babu komai, sai ga umarni ya koma Edo cikin kwana biyar, tafiyar da aka saba yi a kwana takwas, domin wani babban jami'i yana son ya gaza a ƙwace masa ma'adinin zinariya. Sai suka yanke ta cikin duwatsu su kaɗan a guje, da takubban gora don rage nauyi, in sun zo zangon da jami'ai ke duba ayari sai su ɗauki 'yan haya su yi jerin gwano. Umarnin kwana biyar ƙirƙira ce, amma hayar mutane don kumbura ayari a bakin gari abu ne da sarakuna suka yi da gaske.

Har labarin da Japanawa suka fi girmamawa bai tsira ba, wato na samurai 47 na Ako da suka ɗauki fansar ubangidansu Asano a kan Kira a lokacin sanyin ƙarshen 1702 bisa kalandarsu. Jagoransu Oishi ya bar littafin lissafin kuɗin da aka kashe, kusan ryo 700, kuma littafin yana nan. Kessan! Chushingura na Yoshihiro Nakamura, 2019, ya bi labarin ta wannan littafi: kuɗin zirga-zirga tsakanin Ako da Kyoto da Edo, kuɗin haya, kuɗin sulke da tsani, ma'aji yana kuka mayaƙa suna ɓarna, ana nuna farashin komai da kuɗin yen na yau a fuskar allo. Hirokazu Kore-eda ma a 2006 ya yi Hana yori mo Naho, kan saurayin da aka tura ɗaukar fansar ubansa alhali bai iya takobi ba, ya ƙare yana koya wa yaran unguwar talakawa karatu da lissafi.

Ba duka nake yabo ba. Da yawa daga cikin na baya-bayan nan suna da ƙamshin wasan talabijin, fuskoki ana yamutsa su fiye da kima, kiɗa yana gaya maka inda za ka yi dariya, kuma a ƙarshe sai a liƙa wani dogon faɗan takobi da hawayen da labarin bai nema ba. Su Yamanaka sun fi yarda da hankalin mai kallo. Sannan akwai abin da fassarar ƙasan allo ba ta iya ɗaukowa, domin rabin dariyar a harshe take: samurai yana magana da tsohon yaren fada mai nauyi a kan kuɗin miya, ko sarki yana ɓarkewa da karin harshen ƙauyensu. Ka riƙa kallon jiki, wa ya durƙusa, wa ya sunkuya har ƙasa, wa ya zauna a sama da wa. In ka ga mai takobi yana sunkuyar da kai gaban mai ba da rance, ka san an zo wurin.

Batun kyauta da abokinka ya ambata, ina jin Samurai Taimu Surippa yake nufi, na Junichi Yasuda. Wani samurai na masarautar Aizu yana tsakiyar faɗa a Kyoto a ƙarshen zamanin Edo, aradu ta faɗo masa, ya farka a sansanin shirya finafinan tarihi na wannan zamani. Da ya gane duniyarsa ta shuɗe, sai ya kama sana'ar da ya iya, ya zama kirareyaku, ɗan wasan da aikinsa shi ne jarumi ya sare shi ya faɗi ya mutu. Sana'a ce ta gaske, kuma fitaccen mai yin ta, Seizo Fukumoto, wanda ake yi wa kirari da mutumin da aka sare sau 50,000, ya rasu a 2021. Akwai wurin da samurai ɗin ya ɗanɗana kek ya tambaya ko abincin manya ne, aka ce kowa ma yana saye, sai ya fashe da kuka don murnar ƙasarsa ta wadata. Akwai kuma inda ya karanta abin da ya samu mutanen Aizu bayan yaƙin 1868, shekarar da mulkin shogun ya faɗi, nan dariya ta ɗauke. Yasuda manomin shinkafa ne, ya yi fim ɗin da kimanin yen miliyan 26, mafi yawansu daga aljihunsa, da ma'aikata kusan goma. An fara nuna shi a sinima ɗaya tak a Tokyo a watan Agustan 2024, labari ya bazu daga baki zuwa baki har ya kai ɗaruruwan sinimomi, kuma a watan Maris na 2025 ya lashe kyautar fim mafi kyau ta Akademin Finafinan Japan, ya doke na manyan kamfanoni.

Da shi nake ba ka shawarar ka fara, tunda jarumin ma baƙo ne a inda ya samu kansa, kuna koyon abubuwa tare. Daga nan ka nemi Tsubaki Sanjuro, sai Chokosoku! Sankin Kotai in kana son wanda za ku kalla da iyali. Na Yamanaka ka ajiye shi sai idonka ya saba da hoton baƙi da fari da tsohuwar murya, kuma in za ka nema ka nemi kwafin da aka gyara, domin tsofaffin da ke yawo a intanet sautinsu ya lalace ƙwarai.